Lafs a Saman Bene, Sakaci a Ƙasa

Na yi shekaru ina buga takardu a wani ofishi mai hulɗa da manoma a nan Bauchi. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu ina bi ta ƙofarsa in zan je kasuwa, masu gadin kuma suna gaishe ni. Aikina shi ne in zauna gaban kwamfuta a wani ɗan ɗaki da ke gindin matakala. Duk abin da manya suka rubuta da hannu a saman bene sai a sauko mini da shi, in mai da shi abin da ɗan Adam zai iya karantawa. Saboda haka babu kalmar da ta taɓa shiga ofishin nan ba ta bi ta yatsuna ba.

Kalmar lafs tare da sabon Darakta ta zo. Kafin zuwansa, in abu ya lalace, sai a ce an yi kuskure, a nemo wanda ya yi, a yi masa tas, gobe kowa ya manta. Shi kuwa ya yi wani kwas a Kudu, ya dawo da tabarau mai igiya da wannan kalma. A taronsa na farko da ma'aikata man janareta ya ƙare ana tsakiyar jawabi, fanka ta tsaya, lasifika ta mutu. Muka zuba ido mu ga wanda za a ci wa mutunci. Sai ya yi murmushi, ya ce babu komai, ɗan lafs ne aka samu.

Da aka sauko mini da rubutun taron in buga, na hau na tambaye shi ma'anarta, don ba na son buga abin da ban sani ba. Ya cire tabarau, ya bar shi yana lilo a ƙirjinsa, ya ce, “Malama, lafs ɗan suɓucewa ne na lokaci kaɗan. Kamar mutumin kirki ya yi gyangyaɗi ya farka. Ba halinsa ba ne, tuntuɓe ne kawai.” Na duba ƙamus ɗin Turanci da ke cikin durowata, na ga bai yi ƙarya ba. In abu guda ne a ce lafs, in suna da yawa a ce lafsis. A ofishinmu ba kasafai suke zuwa su kaɗai ba.

Gaskiya da farko kalmar ta burge ni. Mu Hausawa ba mu rasa sunayen ɓarna ba, amma kowanne yana tafe da mai shi. Ka ce kuskure, a ce wa ya yi. Ka ce sakaci, faɗa na biye. Ka ce ganganci, to mari bai yi nisa ba. Ita kuwa lafs ba a yin ta, samunta ake yi, kamar yadda ake samun ruwan sama. Ban taɓa buga takardar da wani ya ce shi ya yi lafs ba. Kullum “an samu” ne. Marainiya ce, ba uwa ba uba, kowa ya shafa kanta ya wuce.

Kafin wata uku kalmar ta cika ofis. Takin zamani ya iso bayan manoma sun gama girbi, aka rubuta cewa an samu 'yan lafsis wajen jigila. Wani fayil ya ɓace damina biyu, aka tsince shi an tokare ƙafar teburin Mataimakin Darakta da shi, nan ma lafs ce wajen adana takardu. An taɓa gayyatar wani dattijo taro alhali mu ma mun je jana'izarsa da motar ofis. Ita ma wannan lafs ce.

Har gida na kai ta. Muna zaune a Ƙofar Dumi, ni da maigidana, wanda tela ne, da Innata da ta dawo wurinmu tun rasuwar Babanmu. Wata rana na tsaya hira da maƙwabciya ta kan katanga, tuwo ya kama, ƙauri ya cika gida. Inna ta fito tana salati.

Na ce, “Inna, kwantar da hankalinki, ɗan lafs ne.”

Ta ce, “Ko kakansa ne, ke za ki kankare tukunyar.”

Maigidana ya ji daɗin kalmar fiye da ni. Ana gobe Sallah ya ɗinka wa wani maƙeri wando ya tsaya masa a ƙwauri. Da mutumin ya zo ya gwada, sai gogan naka ya gyara tsayuwa ya ce an samu lafs wajen awo. Maƙerin ya dube shi, ya dubi wandon, ya ce bai san wannan yaren ba, amma ya san yadi huɗu ya kawo. Sai da mutanen lungu suka shiga tsakani. Daga ranar maigidana ya gane kalmar ba ta aiki a inda babu fanka da kujera mai juyawa.

Ni ma a hankali na lura da wani abu. Kalmar ba ta sauko matakala. Ranar da mai shara ta manta ba ta zuba ruwa a butar banɗakin Darakta ba, ban buga lafs ba, takardar tuhuma na buga, mai cewa ta yi sakaci da aikinta, ta ba da amsa cikin kwana guda. Mai gadi ya je sallah ya bar ƙofa a buɗe, shi ma sakaci. Na lura, na yi dariya, na ba maigidana labari, na ci gaba da bugawa. Ba ni aka taɓa ba.

Yanzu sai in faɗi yadda nake aikina, don a nan gizo yake saƙar. Ban taɓa fara takarda a kan farin shafi ba. Duk mai buga takardu a garin nan da ya ce yana yi, ƙarya yake. Takardar gwamnati ba ta da sabon zance. Gayyata ce, ko umarni, ko tuhuma, ko ta'aziyya. Sai ka buɗe ta bara, ka canza kwanan wata, ka canza suna, ka canza wuri, ka buga. Haka wadda na gada ta koya mini, haka ita ma aka koya mata tun zamanin tafireta. Ina alfahari da saurina. Takardar da wani zai yi rabin yini a kanta, ni kafin shayina ya huce na gama.

Muna da direba guda mai jan a-kori-kurar ofis, dattijo ne daga kudancin jihar, Kirista, kowa Baba Direba yake ce masa. Gajere ne, mai furfura a gira, kullum rigarsa a goge ko da gawayi ne. Shekara biyu ta rage masa ya yi ritaya, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji wannan. 'Yata yake ce mini, amma Hausarsa irin tasu ce, mace da namiji duk “kai” ne a bakinsa. Yana da doka guda wadda ko Darakta bai isa ya karya ba: ba ya tayar da mota sai da takarda. Ya ce an taɓa aikensa da baki, da abu ya ɓaci wanda ya aike shi ya rantse bai yi ba. Tun daga nan in ka ce masa ya kai buhu nan da bakin titi, zai miƙo maka hannu ya ce, “Ina takarda?” Mukan yi masa dariya a kan haka.

A shekarar da nake ba da labari, ofis ya shirya rabon iri da injin feshi kafin faɗuwar damina. Bara a Miri aka yi, wa manoman can. Bana kuwa aka ce za a yi a wani fili kusa da barikin soja na Shadawanka, wa ƙungiyar matan sojoji masu ɗan noma a bayan gida da matan 'yan kasuwar wurin. An gayyato wani babba daga sama, irin waɗanda ake share hanya saboda su. Darakta ya yi mako guda yana bitar jawabinsa, har ni na haddace.

Ana gobe taro aka ce in buga wa Baba Direba takardar umarni: ya ɗauki rumfa, kujeru, lasifika da buhunan iri, ya isa wurin taro da sassafe ya kafa. Na buɗe ta bara. Na canza kwanan wata. Na canza muƙamin babban baƙo. Ina cikin haka maƙwabciyata ta kira ni a waya a kan ankon wani biki, muka yi ta musun ko shuɗi ko ruwan goro. Na buga, na hau da ita. Mataimaki ya sa hannu a gefe yana cin gyaɗa. Darakta ya sa nasa da koren biro yana kallon jawabinsa. Na sauko na miƙa wa Baba Direba, ya naɗe ta huɗu ya sa a aljihun gaba.

Washegari ƙarfe tara muna filin Shadawanka. Mata sun cika wuri, sun sha anko, wasu da goyo. Babu rumfa, babu kujera, babu lasifika, babu ko ƙwayar iri. Fili fetal, sai rana irin ta bazara da ke dafa ƙwaƙwalwa. Aka kira wayar Baba Direba, a kashe. Sai a lokacin aka tuna ta yi mako guda a wurin wani ɗan Kudu mai gyaran waya a kasuwa. Ƙarfe goma babban baƙo ya iso da jiniya. Ya leƙo, ya ga abin da ake ciki, ya koma cikin motarsa ya zauna a sanyi. Darakta ya tsaya a bakin gilashin motar yana ta bayani da hannuwa, shaddarsa da ta sha sitaci ta jiƙe ta manne masa a baya. Allah Ya yafe mini, a lokacin dariya nake dannewa. Wata matar soja kusa da ni ta ce da ƙarfi, “In ba za a ba mu ba, a faɗa mana, mun bar wake a wuta.”

Can baƙon ya fito, ya tsaya a ranar kamar minti goma, don kada a ce bai tsaya ba, ya ɗaga wa mata hannu. Wani ɗan acaɓa da ya sauke fasinja ya ji ana cigiyar mota, ya ce ai shi ya ga a-kori-kura da rumfar gwamnati a Miri tun da safe, har an cika.

Da na ji kalmar Miri, dariyar ta koma ciki.

Abin da ya faru a can, daga baya muka ji. Baba Direba ya isa Miri tun kafin bakwai. Mutanen gari suka taya shi kafa rumfa, aka jera kujeru, aka gwada lasifika. Babu wanda ya tambaye shi komai, don in rumfar gwamnati ta tsaya a gari, ai an san rabo za a yi. Dattawa suka sa manyan riguna suka zauna a sahun gaba. Shi kuma ya zauna a kan buhunan iri yana gadi, bai bar ko hannu ya taɓa ba. Da aka aika a ce ya kwashe ya taho, sai da aka yi kusan awa guda ana ba dattawa haƙuri kafin su tashi daga kujerun. Kafin ya iso Shadawanka baƙo ya tafi, rabin matan ma sun koma kan wakensu.

Ina komawa ofis na kulle ƙofa na buɗe takardar a kwamfuta. Ga shi nan, baƙi a kan fari. Kwanan wata na bana, baƙo na bana, wurin taro Miri.

Aka kafa kwamiti na mutum uku, Mataimaki ne shugaba. Tun a ranar ya karɓe takardar daga hannun Baba Direba, wai za a sa a fayil. Aka karɓe makullin mota. Kwamiti ya zauna yini guda, aka sha lemo, aka ci tsire, ba a kira ni ba, ni ma ban kai kaina ba. Kashegari aka sauko mini da rahoto in buga. Shafi na farko ya ce an samu 'yan lafsis wajen sadarwa tsakanin sassa. Shafi na biyu ya ce direba ya aikata babban sakaci da ya zubar da mutuncin ofis a gaban baƙo, kwamiti na ba da shawarar a sallame shi. Babu inda aka ambaci takardar umarni.

Sallama, ga mutumin da ya rage masa shekara biyu. Wato ya tafi gida hannu rabbana bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyari.

Zan so in ce nan take na tashi na hau bene. Ban tashi ba. Kwana biyu na yi da rahoton a cikin durowa ina cewa kwamfuta ta samu matsala. Ta tagata ina hango shi a ƙarƙashin darbejiyar da ke wurin ajiye motoci. Yana zuwa kan lokaci kamar kullum, ya goge motar da ba shi da makullinta, ya zauna a benci ya haɗa hannuwa. In zan fita sai in zagaya ta bayan ofis. Tsoro nake ji, tsoron aikina, ba wani abu ba. Na ma kama kaina ina ce wa zuciyata ai nawa ɗan suɓucewa ne, waya ce ta ɗauke mini hankali, ba halina ba ne. Kalmar ta zauna mini daidai kamar an auna.

Inna ce ta gane. Ta ga na tura kwano gefe, ta ce, “Ke da ba ki barin ko ƙanzo, lafiya?” Na kwashe duka na faɗa mata. Ta ja carbinta, sannan ta ce, “To, me kike jira? Sai baƙin ciki ya kashe shi ki sa mayafi ki je gaisuwa?”

Da safe na hau bene. Darakta na karanta jarida.

Na ce, “Ranka ya daɗe, maganar Baba Direba ce. Ni na yi kuskuren. Takardar bara na buɗe, ban canza wurin taro ba. Miri aka rubuta masa, Miri ya je.”

Ya ajiye jaridar. Ya ce, “Rufe ƙofar, Malama.”

Na rufe.

Ya ce, “Na sani. Mataimaki ya nuna mini tun ranar. Naki lafs ne, kada ya dame ki. Kowa na yi.”

Na ce, “To, in nawa lafs ne, nasa mene ne? Shi da bai yi komai ba sai bin abin da aka rubuta?”

“Shi ya tuƙa motar.”

“Takarda ya bi, ranka ya daɗe.”

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, “Wace takarda?”

A nan na gane ba don Allah aka yafe mini ba. Sa hannu biyu ne a ƙasan takardar nan, ɗaya da koren biro. In takardar ta yi laifi, to biron ma ya yi. An rufa mini asiri ne don mayafin da ya rufe su bai isa ya bar ni a waje ba.

Ya sassauta murya, kamar mai lallashin yaro. Ya ce, “Ki fahimta. Babban baƙon nan ya tsaya a rana a gaban mata. An kira ni daga sama sau uku. In na ce musu lafs aka samu, za su ce lafs ɗin wa. Suna suke so. Ki rubuta naki in kina so, zan karɓa, ki tafi, shi ma ya tafi, don an riga an ji sunansa. Ki ga an yi asarar mutum biyu ke nan.”

Ina da baki, duk Ƙofar Dumi an sani. Na ji maganar tana tahowa, ban tare ta ba. Na ce, “Ashe dai kalmar nan da matakin albashi take tafiya. Ka faɗa mini daga mataki na nawa ake fara samunta, in san ko na kusa fita.”

Na zaci zai kore ni. Dariya ya yi, har da buga tebur. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da ya gama ya share ido ya ce akwai hanya guda. In Baba Direba ya rubuta takardar ban haƙuri, ya amsa da bakinsa cewa sakacinsa ne, za a aika da ita sama, a ba shi gargaɗi, a mayar masa da makulli. In ya ƙi, rahoto ya wuce yadda yake. Ya ce Mataimaki zai sanar da shi. Ya ɗauki jaridarsa.

Na sauko ina huci. Na yi niyyar in je ƙarƙashin darbejiya, na kasa.

Shi ya zo. Washegari da hantsi na ji an ƙwanƙwasa, ya shigo da hularsa a hannu da wata takarda da aka yago daga littafin makaranta. Ya ce, “'Yata, ka taimake ni ka buga mini wannan. Rubutuna ba kyau, Turancina kuma ya tsufa.”

Na ce, “Baba, zauna.” Ya zauna a bakin kujera. Na ce, “Baba, ni ce. Ni na bar Miri a takardar. Ba laifinka ko ɗaya.”

Ya ce, “Na sani.”

“Ka sani?”

“To, wa ke buga takarda a gidan nan in ba kai ba? Har da safen na tambayi Mataimaki, na ce na ji ana maganar Shadawanka. Yana waya, ya ce mini me takarda ya ce. Na ce Miri. Ya yi mini haka da hannu.” Ya kwaikwayi yadda ake korar ƙuda.

Na ce, “Kuma ba ka faɗa wa kwamiti ba?”

“Shi ne kwamiti.”

Raina ya ƙara ɓaci. Na ce masa takardar na nan a kwamfuta, zan buga masa goma. Na ce mu je ƙungiyar ma'aikata, ni zan tsaya in yi shaida, in ya so a kore ni. Ina magana ina buga tebur, jarumtar da ban samu ba kwana uku ta zo mini gaba ɗaya. Ya bar ni na gama.

Ya ce, “Takarda ba sa hannu, takardar ƙosai ne. 'Yata, faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. Shekara biyu ya rage mini. Ƙaramar yarinyana yana makarantar nas. In mun je ƙungiya, za a yi shekara uku ana zama. Ka buga kawai.”

Na juya ga kwamfuta. Abin da ya rubuta layi huɗu ne: yana ba da haƙuri, sakacinsa ne, ba zai sake ba, Allah Ya ja zamanin Darakta. Hannuna ya ƙi. Sai na rubuta tawa. Na ce abin da ya faru ɗan lafs ne, wanda ya samo asali daga takardar umarnin da aka ba shi. Na buga, na miƙa masa, ina jin na yi abin kirki.

Ya ciro tabarau daga aljihu, ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Ya ɗora yatsa a kan maganar takardar umarni ya ce, “Cire wannan.”

“Baba, gaskiya ce.”

“Gaskiya ne. Cire.”

Yatsan ya matsa, ya tsaya a kan lafs. Ya yi ɗan murmushi. Ya ce, “Wannan kuma ba namu ba ne. In sun gani za su ce na raina su. Sa wanda suke so.”

Na goge. Na rubuta sakaci, na rubuta cewa nasa ne, na sa cikakken sunansa a ƙasa. Idona ya cika har ba na ganin haruffan sosai, amma ban yi kuskure ko ɗaya ba. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ari birona ya sa hannu. Ya miƙe, ya sa hularsa, ya ce, “Na gode, 'yata. Allah Ya yi maka albarka.” Ya hau matakalar da takardar a hannu, yana dafa bango.

Mako na zagayowa aka mayar masa da makulli, da takardar gargaɗi wadda ni na buga. Tana cikin fayil ɗinsa har ya yi ritaya. Mutumin da bai taɓa ko goga motar gwamnati a jikin bango ba ya bar aiki da shaidar sakaci, ni kuwa fayil ɗina fes.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo baya na tarar da ƙullin leda a kan teburina. Acca ce, mudu biyu, wankakkiya, ba tsakuwa ko ɗaya. Ya leƙo ta taga ya ce matarsa ce ta ce a kawo mini, saboda taimakon da na yi masa na buga takarda. Na ce ba zan karɓa ba. Ya ce in na mayar, matarsa za ta ce ya yi mini wani laifi. Ya tafi tayar da mota.

Na kai ta gida na ajiye a gaban Inna, na faɗa mata daga inda ta fito. Washegari ta yi gwate da ita, da alayyafo da gyaɗa. Na ce ni ba zan ci ba, na rantse ma. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ina jin haushinsa da ya gode mini, don da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Da la'asar yunwa ta ci ƙarfina. Na shiga kicin ni kaɗai, na zauna a kan turmi, na cinye kwano guda ina kuka. Abin haushin, gwaten ya yi daɗi.